Ƙaramar Kyamarar Kawu

Ƙyas! Wannan ɗan sautin ne ya tsayar da ni cak a wani shagon kyamarori a Jabi, ranar da na je sayen tawa. Mai shagon, wani Bakano mai zaƙin baki, ya ajiye mini guda biyu a kan kanta. Ɗaya ƙatuwa ce, sai da hannu biyu ake ɗaga ta. Ɗayar kuwa aljihun riga ma ya ishe ta. Da ya danna ƙaramar don in ji, sai na tsinci kaina a tsakar gidanmu na Tungan Maje, ina yaro, ƙafafuna duk caɓi.

A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, a gidan Kawu, ƙanen mahaifiyata. Kawu mai hoto ne, kuma yana da wata babbar kyamara mai ƙafa uku wadda duk unguwa ke alfahari da ita. Idan zai fita da ita sai ya ɗaure ta a bayan keke kamar buhun masara, ya dawo yana dafe da ƙugu. Amma fa hotonta ba a magana. Har zaren aikin hularka sai ya fito raɗau.

Ka san mutanenmu na da, hoto a wurinsu ba abin wasa ba ne. Sai an yi wanka, an ciro kayan ƙasan akwati, an zauna an ɗora tafin hannu a kan gwiwa, sannan a ɗaure fuska kamar an zo gaban alƙali. Kaka ta fi kowa iya wannan. Mace ce mai barkwanci, dariyarta har maƙwabta ake ji, haƙoranta jajaye da goro. Amma kafin Kawu ya gama kafa ƙafafun kyamararsa, ta riga ta tsuke baki ta sha mur. Duk hoton da ya yi mata, wata tsohuwa ce mai fushi da ba mu san ta ba.

A wata damina ƙafafun Kaka suka fara kumbura, tari ya ƙi barinta. Sai na lura Kawu yakan tsaya yana kallonta tana hira. Ana nan sai ya dawo gida wata rana babu komai a bayan kekensa. Ashe ya yi musayar babbar kyamarar da wata 'yar mitsitsiya a wurin abokin sana'arsa. Mahaifiyata da ta ji labari ta zo takanas ta yi masa faɗa. "Ka ba da abin cin abincinka ka karɓo abin wasan yara?" Gaskiyarta kuwa, don masu biki sun daɗe suna guje masa, suna cewa wannan abar ba za ta fitar da amarya ba. Shi dai sai ya rataya abarsa a wuya, a ƙarƙashin babbar riga.

Wata la'asar, ruwa ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi, Kaka na gasa masara a ƙofar ɗakinta. Na lallaɓa na sure wadda ta keɓe wa kanta. Da yake jika namiji mijin kakarsa ne a wasanmu, sai ta ce, "Kai maigida, haka ake yi? Cefane babu, sai cinye na matarka?"

Na ce, "Ai na sake ki, tsohuwa. Yarinya zan auro mai haƙora farare."

Kaka ta ƙyalƙyale da dariya har ɗankwalinta ya zame. Cikin wannan dariya na ji ƙyas daga hannun rigar Kawu, wanda ke zaune gefe kamar ba ruwansa. Ita ba ta ma ji ba.

Da aka wanko hoton, ba wani abin a zo a gani ba ne. Ya yi dishi-dishi, hayaƙi ya rufe gefe ɗaya, hannunta da ke motsi bai fito sosai ba. Kaka ba ta ga damina ta gaba ba. Bayan an share makoki, 'yan uwa suka riƙa miƙa wa juna manyan hotunanta masu kyau, kowa ya duba ya ce Allah ya jiƙanta. Da ɗan ƙaramin ya iso hannun mahaifiyata, sai ta fashe da kuka, can kuma ta yi dariya. Ta dubi ƙanenta ta ce, "Ita ce. Wallahi ita ce." Yau idan na tuna fuskar Kaka, wannan dariyar nake gani, kuma Kawu ne ya ajiye mini ita. Ban san da wane baki zan gode masa ba.

"Oga, babbar fa ita ce ta manya," in ji mai shago. "Hotonta ya ninka na wannan." Na san bai yi ƙarya ba. Na dai ce ya ba ni ƙaramar.

Yanzu Tungan Maje ta cika ta tumbatsa, kowane yaro da waya yana ɗaukar kansa yana wage baki. Kawu ya tsufa, idanunsa sun yi rauni. Na same shi a kan tabarma, na sa masa kyamarar a tafin hannu. Ya jinjina ta, ya yi dariya, ya ce, "Kai ma abin wasan yaran ka sayo?" Na karɓe ta yana cikin dariyar. Can ya ankara, ya gyara zama, ya fara laluben gefensa. "Tsaya, tsaya in sa hula."

Na ce, "Ai na riga na ɗauka, Kawu."