Ranar da Yayana Ya Ƙi Gidan Harsashina

Shekara shida ke nan cif da muka sallaci Yaya Habibu a Harami. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife mu, kuma shi ya fara kai ni nadi, wato kulob ɗin harbi da ke kan hanyar Jidda, inda ake gasar ƙaramar bindiga.

Aikinsa ranar gasa duba kayan 'yan wasa. Yana da wani ma'auni na ƙarfe da yake zura mahzan a ciki, wato gidan harsashi. In ya shige, ka wuce. In ya ɗara ko da kaurin farce ne, doka ta fitar da kai daga ajinka, a haɗa ka da masu bindigogin da aka ƙara wa madubi, inda ba ka da ta cewa.

Shekarar da na fi sa rai da kofi, na sauya wa mahzan ɗina gindi don ya ci ƙarin harsashi. Na auna a gida, na ga kamar ya yi. Yaya ya zura, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya sake gwadawa. Sai na koma Hausa don kada na kusa su ji.

"Yaya, ɗan danna mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Nasiru. Halas, magana ta ƙare."

Na ƙare a can ƙasa. Wata huɗu ban taka gidansa a unguwar Shisha ba. Bai ba ni haƙuri ba, ban ba shi ba. Wata Asabar ya tsaya da mota a ƙofar gidana, ya yi hon, na fito na shiga. Shirinmu ke nan. Kafin shekara ta zagayo zuciyarsa ta tsaya.

Yanzu nadin ya cika. Matasa sun yi yawa, mata ma suna harbi, dokoki kuma kowa a wayarsa yake karantawa. Ina jin da Yaya yana nan, da ya ji daɗin cikar, da kuma ya yi ta mita kan masu duba kaya da ke hira suna awo. Ni kaɗai nake tuƙa mota zuwa can. Babu wanda zan yi wa Hausa a wurin, 'ya'yana ma da Larabci suke amsa mini.

A gasar watan jiya wani dattijo daga Ɗa'if ya ji sunan gidanmu, ya riƙe hannuna. Ya ce Yaya ya taɓa fitar da shi daga aji, ya yi fushi, amma da ya ji abin da Yaya ya yi wa ƙanensa sai ya bar maganar. Ya ce har yau bai ga mai awo irinsa ba.

Na dawo Makka ina neman wanda zan kai wa wannan labari. Umma ta rasu, matar Yaya ta koma Madina. Na je Shisha, na tsaya a ƙofar gidansa da wasu ke haya yanzu, na kashe mota, na faɗa masa da Hausa.

Allah Ya jiƙanka, Yaya.