Saƙon Yaya daga gidan kaso

Shekarar da aka kai yayana gidan kaso, ina koyarwa a wata lakwal cikin Tasawa. Rigimar iyakar gona ce ta kai shi. Ya ɗaga ƙotar hauya ya maka wa maƙwabcinsa, hannun mutumin ya karye, bai ƙara komawa daidai ba. Alƙali ya yanke masa shekara biyu.

Ƙauyenmu yana wajen Korgom. Can kuwa hukuncin bai tsaya kansa shi kaɗai ba. Matarsa in ta je rijiya sai hira ta mutu. Da damina ta faɗi ta kira gayya, mutum uku suka zo. Kowa yana da abin faɗa game da Yaya, amma ba wanda ya ji ta bakinsa.

Ran wata ziyara na kai masa fura. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Ƙanwata, kina da bik?"

Na ciro alƙalamin da takarda, na nemi izinin gardin da ke tsaye kanmu. Ya duba takardar ciki da baya, ya ce in yi sauri. Yaya yana faɗa ina rubutawa a kan gwiwata. Da ya ƙare ya ce, "Gaban maigari za ki karanta ta, gaban mutumin. Kar ki gyara mini ko kalma ɗaya."

Ran Juma'a na hau kabu-kabu, yashi yana jan tayar babur. Bayan an sauko daga masallaci maza suka cika zauren maigari. Ni kaɗai ce mace. Maƙwabcin yana zaune jikin bango, shanyayyen hannun nan bisa cinyarsa.

Ban kai ga buɗe takardar ba ƙanensa ya miƙe.

"Ɗan kaso ba shi da baki a zauren nan!"

Wasu suka ce haka ne. Maigari ya ɗaga hannu ya ce, "Zauna. Malama, karanta."

Na karanta: "Ni na buge shi, ba wanda ya sa ni. Ciyawar iyakar nan ba ta kai hannun mutum ba, na san haka yanzu. Gonata da ke jikin tasa, ya noma ta har in fito. Abu guda nake roƙo: matata da 'ya'yana ba su ɗaga ƙota ba, a riƙa amsa musu gaisuwa."

Ƙanen yana huci, ina kallon sandar da ke gefensa. Can maƙwabcin ya ɗago kai.

"Shi ya faɗi wanga, ko ke kika shirya masa?"

"Wallahi bakinsa ne, Malam."

Sai ya ce, "Ba ni son gonarsa. Ki ce masa na ji."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Amma bayan sati biyu matar Yaya ta kira ni a waya, ta ce uwar mutumin ta taya ta ɗaukar tulu a rijiya, ko da yake ba ta ce mata uffan ba.

Da na koma na faɗa wa Yaya, ya rufe fuska da tafin hannu. Wani dattijo cikin fursunonin, wanda ba wanda ya zo wurinsa ran nan, ya matso a hankali.

"Ɗiyata, ni ma ina da saƙo, ko hanyarki tana bi ta Mayahi?"

Hanyata ba ta bi ta can. Amma na ce masa ya faɗa, ina ji.