Rigar fatar tunkiya a zafin Madina

Aikin farko yau: mayar wa baffana Ammu Sale farwarsa.

Jiya mu mata muka yi wasan Sallah a gonar dabino a Al-Awali, kuma karon farko ke nan da aka ba ni fitowa: makiyayin ƙauye. Na daɗe ina shawara da kaina, daga ƙarshe na yanke cewa makiyayi bai cika ba sai da farwa, rigar fatar tunkiyar nan ta lokacin sanyi.

Yaya Hajara ta bar gyaran kaset ta dube ni. "Masha Allah, Binta. Makiyayin aka ba ki ko tunkiyar?"

"Yaya, so nake a gane ni tun daga ƙofa."

"Za a gane ki, habibti. Har a mustashfa." Asibiti take nufi.

Da na shiga filin wasa, ban kai ga maganata ta farko ba. Gemun auduga ya jiƙe ya zame, na ga dabinai suna juyawa, na zube. Mata suka ɗauki tafi da guɗa, wai ba a taɓa ganin wadda ta iya suman wasa kamata ba. Har sun ce baɗi ma ni ce.

Ku da kuka fi ni hankali, in faɗa musu gaskiya ko in riƙe yabona?