Matan da Na Sauya wa Ɗankwali

Ƙanen mahaifiyata ya yi karatun injinan noma a Rasha. Da ya dawo aka ba shi aiki a Maƙarfi, kuma cikin kayan da ya zo da su akwai wani littafi mai nauyi, cike da hotunan wani mai zane ɗan can. Lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare a Ikara, ina ɗan taɓa zane, don haka kowane hutu ina gidansa ina buɗe littafin nan.

Rubutun ban iya karanta shi ba, kawu ne ke ba ni labari. Ya ce mutumin ɗan manoma ne, ya tafi birni koyon zane tun yana saurayi, amma mutanen ƙauyensu ya yi ta zanawa. Hukuma ta ce manoman nasa sun cika nuna gajiya, ya sa musu fara'a. Ya ƙi. Aka sauke hotunansa daga bango, ya koma yi wa shaguna fentin allo har ya tsufa. Sai bayan rasuwarsa 'yarsa ta fito da su.

A shekarar aka sa gasar zane ta 'yan makaranta. Na ari littafin, na ce malaminmu zan nuna wa. Na zaɓi hoton wasu mata uku suna yankan alkama, na kwafe shi tsaf. Alkamar na mai da ita shinkafa, na sauya musu ɗankwali da launin fata, na rubuta sunana a ƙasa. Ni na zo na ɗaya.

Ranar ba da kyauta sai ga kawu a kan babur, ashe mahaifiyata ce ta aika masa. Shugaban taro ya tambaye ni inda na ga matan nan, na ce a fadamar Hunƙuyi. Aka yi ta tafi. Kawu yana tsaye gaban hoton, hannunsa a baya, bai tafa ba.

Da aka watse na je na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Laujen ya fita da kyau. Amma ta tsakiyar nan mahaifiyar mai zanen ce. Ta rasu bai gama hoton ba."

Na ce, "Kawu, don Allah…"

"Littafina kawai za ka kawo mini, ɗana."

Na kai washegari. Na kasa shiga, matarsa na miƙa wa a zaure na juyo.

Kyautar agogon bango ce. Mahaifiyata ta rataye shi a ɗakinta, duk baƙuwar da ta shigo sai ta ji labarin ɗanta mai zane. Ina zaune ake yi, ina kallon tabarma. Har ta koma ga Allah ban gaya mata ba, kawu ma bai gaya mata ba.