Mabuɗin Makewayi a Aljihun Oga

Wata biyar na yi ina buga takardu a wani ofis a Tambuwal. Makewayi ɗaya ne, mabuɗinsa kuma yana aljihun oga. Mu mata ba ma shan ruwa sai mun koma gida, don kunyar roƙonsa. Rannan fitsari ya matse ni, na zagaya bayan katanga. Ina tsugune maciji ya bi ta kan ƙafata. 

Washegari aka kawo mai lacca kan lafiyar ma'aikata. Ya ce, "'Yan uwa, ku yawaita shan ruwa." Oga ya fi kowa tafa masa, ko kunya babu. Aka raba ruwan leda. Na ajiye nawa a teburinsa, ban sake komawa ba.