Iya Tabawa, Ungozomar da Muka Yi Sama da Shekara Ashirin Muna Musu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Iya Tabawa. A farkon damina ta rasu, ranar da gari ya tashi da shuka, shi ya sa ko ban duba kalanda ba, da ruwan fari ya sauka sai ta faɗo mini a rai. Masu karanta wannan shafi ba su san ta ba, kuma ba laifinsu ba ne. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Ungozoma ce a wani ƙauye da ke gefen Balan, a ƙasar Gaya, inda aka tura ni aiki a ɗakin shan magani ina da shekara ashirin da huɗu, da sabuwar takardar shaida, da farin kaya, da tunanin babu abin da ban sani ba game da haihuwa.

Wata uku na yi ban karɓi haihuwa ko ɗaya ba. Mata na zuwa awo, su karɓi maganin ƙarin jini, su yi godiya, amma ranar da naƙuda ta tashi Iya ake aika wa. Da na matsa da tambaya, sai suka riƙa faɗa mini dalili a kaikaice. A asibiti, in ji su, rigingine ake kwantar da mace, alhali su a durƙushe suka gaji haihuwa. Ana yi wa mace ƙari da almakashi ba a tambaye ta ba. Ana ɗaura mata ruwan naƙuda don a hanzarta abin da Allah bai kawo lokacinsa ba. Abin da ya fi tsorata su kuwa shi ne aiki, wato tiyata. Wadda aka yi wa aiki, har a wajen biki akan nuna ta da baki, a ce ba ta haihu da kanta ba.

Na shirya na tafi gidan Iya da sabuwar reza da safar hannu, da niyyar in koya mata aiki. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri, 'yar siririyar tsohuwa mai manyan hannuwa. Ta bar ni na gama jawabina tsaf, sannan ta tambaye ni ko na taɓa haihuwa. Na ce ko aure ban yi ba tukuna. Ta karɓi rezar ta jujjuya, ta ce wannan ta fi tata, za ta riƙe. Safar kuma ta mayar mini, ta ce ita da tafin hannu take gani, ba za ta rufe idonta ba. Shekara biyu na yi ina bin ta kafin ta yarda ta sa.

Haka muka fara, kuma haka muka ci gaba, kullum da abin da za mu yi musu a kansa. Na hana ta gasa cibi da kasko da barbaɗa masa toka, ta bari bayan ta ga cibin yaran da na kula da su ba ya ruwa. Ita kuma ta sa na shimfiɗa tabarma da leda a ɗakin haihuwa, duk wadda ke son durƙuso ta durƙusa. Daga nan mata suka fara zuwa, Iya na gaba suna biye. Tana kirana Sista, amma in ranta ya ɓaci sai ta ce 'yar gwamnati. Ni a ganina ta cika jira. Ita a ganinta na cika gaggawa. Takan ce ɗan da ya yi wata tara yana hanya ba zai ji kiran agogona ba. Ni kuma in ce mata ba a bari rana ta faɗi sau biyu a kan mai naƙuda.

A shekarata ta shida a garin ne abin Hanne ya faru. Hanne matar wani manomi ce, mai yawan dariya, 'ya'yanta huɗu duk a hannun Iya aka haife su ba tare da wata wahala ba. Cikinta na biyar ya zo da naƙuda tun hantsi, a tsakiyar damina. Da azahar na duba ta, na ga kan ɗan bai sauko ba, ita kuma ta fara galabaita. Na ce a nemo mota a kai ta babban asibiti. Iya ta ce a ba ta zuwa la'asar, ta sha ganin irin wannan ya warware. Hanne da kanta ta riƙe mini gefen riga tana roƙona kada in bari a yanka ta. Ni ce mai takarda, da na tsaya kai da fata da an tafi. Ban tsaya ba. Da la'asar Iya ta sake taɓa cikin, ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Sista, wannan ya fi hannuna.”

Kafin nan hadari ya haɗu. Ruwa ya sauka, hanya ta yanke, sai a amalanken shanu muka fitar da ita zuwa bakin titi. An yi mata aiki, an ceto ranta. Ɗan, namiji, bai zo da rai ba, kuma likita ya ce Hanne ta gama haihuwa.

Wata huɗu ba mu yi magana da Iya ba, in ban da gaisuwa daga nesa. Na ɗora mata laifi a fili, na ɗora wa kaina a ɓoye. Tsoro ya shige ni, duk macen da ta yi nishi sau biyu sai in rubuta takarda in tura ta gaba, har mata suka fara gudun ko awo. Ita kuma Iya ta daina fita karɓar haihuwa, in an aiko ta ce hannunta ya mutu. Aka bar matan gari tsakanin wadda ba ta jira ko kaɗan da wadda ta daina zuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun san haka mu duka biyun, amma babu wadda ta fara sunkuyawa.

A lokacin na yi aure, ina ɗauke da cikina na fari. Na gama shirin in koma Ajingi wajen mahaifiyata in haihu a asibiti, sai naƙuda ta riga ni da mako uku, ranar kasuwa, da rana tsaka, maigidana yana Gaya wajen aikinsa na koyarwa. Wanzami ba ya son jarfa. Duk abin da na karanta na haɗarin haihuwa ya taso mini a lokaci guda. Maƙwabciyata ta ruga ta kira Iya ba da sanina ba, sai ganinta na yi a bakin ƙofa, ta wanke hannu har gwiwa, tana miƙo shi in sa mata safa. Na fashe da kuka, na ce a kai ni a yi mini aiki kawai in huta.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, “Ke da kike auna mutane, auna kanki. Akwai jini? Kanki na sarawa? Ɗan na motsi?” Na amsa mata ɗaya bayan ɗaya, ta sa na taɓa da hannuna na ji kan ɗan ya sauko. Sannan ta ce, “Mota na ƙofar gida, na tsayar da ita kafin in shigo. In aka kira la'asar ba ki sauka ba, ni zan ɗauke ki in sa a ciki, ko kina so ko ba kya so.”

A tsawon shekarun da na san ta, ban taɓa ganin ta nemi mota kafin a shiga uku ba sai ranar. Ta durƙusar da ni, ta tsaya a bayana tana matsa mini ƙugu, tana addu'a ƙasa-ƙasa. Kafin ladan ya kira sallah na haifi 'yata Hauwa. Mai motar ya koma kasuwa da kayan da ya sauke saboda ni.

Ranar suna, bayan mata sun watse, ta yi maganar Hanne, sau ɗaya tak a rayuwarta. Ta ce, “Tsakanin azahar da la'asar ɗin nan, nawa ne. Ni za a tambaya.” Na ce namu ne mu biyu. Ta girgiza kai, ta ce ni na faɗa, ita ce ba ta ji ba. Daga ranar, duk haihuwar da muka shiga sai an san wace mota ke gari, kuma sai mun yanka lokacin da ba za mu wuce ba. Musu kuwa ba mu daina ba. Sai dai ya koma musun mutum biyu da suka san abin da jinkiri ke ci, suka kuma san abin da gaggawa ke ɓatawa.

Yanzu na yi ritaya, na dawo Ajingi. Maigidana ya riga mu gidan gaskiya shekara huɗu da suka wuce, yara sun watse, gidan ya yi mini faɗi. Nakan zauna da hantsi in yi ta tunanin me Iya za ta ce da ta ga yau. Na san za ta yi murna da hanya, da waya a hannun kowa, da na'urar da ke nuna kwanciyar ɗa tun yana ciki, ko da yake sai ta fara cewa tafin hannunta ya riga na'urar gani. Abin da ba za ta so ba shi ne yadda mace ke naƙuda ita kaɗai a bayan labule. Ba na ganin laifin yaranmu ma'aikata, na yi aikin, na san yadda mutum ɗaya ke rarraba kansa tsakanin gadaje. Amma da yawa daga matan da ke gudun asibiti ba wuƙa kaɗai suke tsoro ba. Suna tsoron a yi musu abu ba a gaya musu dalili ba. Haka kuma ba za ta raga wa masu zuga mata a waya ba, masu cewa duk wadda ta yarda da aiki raguwa ce. Iya ta ga abin da wannan magana ke jawowa, ta gan shi a amalanken shanu cikin ruwan sama.

Makon jiya Hauwa ta kira ni daga Kano. Cikinta na biyu ya tsufa, likita ya ce mabiyiya ta tare hanya, ya sa mata ranar aiki. Ƙawayenta na turo mata maganganu cewa ta ƙi, ta sha rubutu da saiwa ta jira, wasu dangi kuma sun fara gunaguni. Ta ce, “Mama, me zan yi?” Na ce ta koma ta tambayi likita har sai ta gane, ya nuna mata hoton da idonta, in haka ne kuwa, wannan ba abin jira ba ne, ta sa hannu. Ta ce to. Na san amsar daidai ce, ko a jarrabawa haka zan rubuta. Amma da na ajiye wayar sai na ji ina neman wadda za ta ja da ni, ta juya maganar ta kowane gefe, in kare kaina, har in ji ta zauna mini. Na duba duk mutanen da suka rage mini, babu mai yi mini wannan. Kowa na cewa ai Sista ta sani.

Shekaranjiya, ranar kasuwar Ajingi, na haɗu da Hanne. Ta tsufa, ta zo sayar da kuka da daddawa, dariyarta dai tana nan. Muka raɓe a inuwa, hira ta kai mu kan Iya. Na daɗe ina jin nauyin tambayarta ko ta riƙe mu a zuciya, ranar dai na tambaya. Ta dube ni da mamaki, ta ce ashe ban sani ba? Ta ce tun da aka sallamo ta, Iya ce ke zuwa safe da yamma, ta dafa ruwa da ganyen darbejiya, ta gasa mata jiki a hankali tana kauce wa ɗinkin, ta dama mata kunun kanwa, har kwana arba'in cur. “Babu jariri a ɗakin, Sista,” in ji ta. “Amma ta ce ni mai jego ce, kuma duk wadda ta ce ban haihu ba, ta zo ta faɗa a gabanta.”

A cikin watannin nan ne nake gaishe da Iya daga nesa, ina cewa a raina ta ɓuya saboda kunya. Shekara goma sha bakwai muka ƙara yi tare, ba ta taɓa faɗa mini ba.

Ba zan ce Iya ba ta yi kuskure ba, ita kanta ba ta yarda a ce haka ba. Wasu abubuwan da ta gada sun wuce, kuma gara da suka wuce. Abin da ya rage nata yana wajen irin su Hanne, wadda ta gaya mini ita ke raka surukanta awo da ƙafarta, kuma ba ta barin kowa ya yi wa mai ɗinki gori a gidanta. Yana kuma wajen manoma da direbobi da matan aure da suka cika ƙauyen nan, waɗanda hannunta ne ya fara taɓa su a duniya, ko da yake yawancinsu ba sa tuna fuskarta. Jibi zan hau mota zuwa Kano in tsaya wa Hauwa, ni kaɗai. Allah Ya jiƙan Iya Tabawa, Ya yafe mata abin da ke tsakanin azahar da la'asar, Ya yafe mini nawa kason, wanda ta rasu ba ta yarda na ɗauka ba.