Yaran da Na Goge, da Gwaggon da Ta Maido Su

Shekara shida ke nan cif da rasuwar Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, wadda ta yi shekaru tana aikin lafiya gida-gida a Suleja da ƙauyukanta kafin ta yi ritaya. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba sai yau. Ina jin tsoron bakinta ne ya hana ni, don Gwaggo ko yabonta ka yi sai ta gyara maka.

Ni aikina tace bayanai ne. Kullum nakan bi motar Abuja da safe, in zauna gaban kwamfuta ina rubuta manhajar da ke tsefe dubban sunaye ta fitar da abin da za a yi aiki da shi. Gwaggo ba ta taɓa ɗaukar wannan aiki ba. A wurinta duk wanda ya dawo gida takalminsa fes, yawo ya je.

Shekara biyu kafin rasuwarta, ofishinmu ya karɓi aikin haɗa jerin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Zuma da Gauraka, saboda rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da za a yi da damina. Ƙa'idar a fili take: yaron da ke cikin jeri za a kai masa magani har gida, wanda babu shi babu kasonsa. Matasan da muka tura da wayoyi suka kawo bayanai a hargitse. Layuka da yawa babu suna, wasu kuma an rubuta “Yaro” ko “Babba” kawai. Na ce ai wannan ganda ce ta masu shigarwa. Na rubuta umarni ɗan layi biyu: duk inda babu cikakken suna, a goge. Jeri ya fito tsaf, maigidana a ofis har da jinjina.

Ranar Asabar bayan la'asar ina zaune a tsakar gida da kwamfutata a cinya, Gwaggo tana ɓarar gyaɗa. Alfahari ya ɗebe ni, na shiga ba ta labari. Ta ce in karanto mata waɗanda na zubar. Na karanta gida uku, huɗu, duk uwa ta faɗi sunan ƙaramin ɗanta, na babban kuma babu. Sai ta ajiye faifan.

“Ke 'yar nan, duk bokon naki ba ki san waɗannan ba? 'Ya'yan fari ne. Wace uwa za ta kama sunan ɗanta na fari a gaban baƙo?”

Na ce, “Gwaggo, ai wannan kunyar ta mutanen da ce.”

Ta ce, “Je ki tambayi uwarki sunanki, in ta faɗa ki dawo.”

Na rufe kwamfutar. Ni 'yar fari ce, kuma tun da na yi wayo Mama ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai “ke” ko “wannan yarinyar”. Abin da na tashi a cikinsa ne na kasa ganewa, don kawai ya zo mini a allon kwamfuta. Ga hadari ya fara haɗuwa, ga shi ranar Laraba za a miƙa jerin.

Gwaggo ba ta tsaya yi mini faɗa ba. Washegari ta yafa mayafinta, da ciwon gwiwarta da komai, muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Zuma. A can na ga yadda ake aikin. Ba ta tambayar uwa. Sai ta gaishe ta, ta yi wa jaririn wasa, sannan ta nemi kakar gidan ko wata maƙwabciya ta ce, “Babban fa, wa sunansa? Yana nan ko yana wajen kakanni?” Nan take za a faɗa, uwar tana gefe tana sunne kai. Kwana uku muna yi, muka koya wa matasanmu, suka ƙarasa Gauraka. Na je ofis na faɗa wa maigidana kuskuren da bakina, kunya kamar in nutse. Jerin ya makara da mako guda, amma ya tafi da yaran a ciki.

Yau abubuwa sun yi nisa. Akwai manhajojin da za ka yi musu magana su rubuta maka umarni cikin ƙiftawar ido, kuma ina amfani da su, ba zan ɓoye ba. Nakan yi tunanin abin da Gwaggo za ta ce. Ina jin za ta yi dariya ta tambaya ko na'urar ta taɓa cire takalmi a ƙofar ɗakin wani. Ba ta ƙin sabon abu, ita ce ma ta fara sayen wayar hannu a gidanmu. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne mutum ya yanke hukunci a kan gidan da bai taɓa shiga ba.

Duk sabon ma'aikacin da aka kawo mini, abu na farko da nake koya masa shi ne kada ya goge gurbin da babu komai sai ya san dalilin da ya sa aka bar shi haka. Suna ɗauka a jami'a na koyo. Nakan gaya musu gaskiya, kuma ina jin daɗin faɗar sunanta.

Gwaggo ba ta bar gida ko fili ba. Amma in na wuce Zuma da safe na ga 'yan firamare suna tsallaka titi da jakunkunansu, nakan ce a raina wataƙila cikinsu akwai waɗanda suka sha maganin daminar nan. Ba su san ta ba, kuma ba za su taɓa sanin cewa akwai ranar da na share su da hannuna ba. Ni na sani. Allah Ya jiƙan Gwaggo Asabe, Ya saka mata da Aljanna a madadinsu da ni.